Tarwadar Abba da Garin Sabulu

Jama'a, yau saura kaɗan ƙanena ya aika ni lahira da farfesu!

Kun san Abba, autanmu, wanda ya samu aikin gwamnati ya kama ɗaki a Gwarinpa, nan Abuja. Sati biyu ke nan da komawarsa. Ya kira ni da safe, wai Yaya ki zo ki ci girkina, na sayo tarwada a kasuwar kifi ta Kado. Wallahi na ji daɗi, na tafi.

Ya zubo min. Cokali ɗaya na kai baki, sai ɗaci da ƙamshin wanki! Na duba kwanon, ga kumfa a gefe!

Na ce, "Abba, da me ka wanke kifin nan?"

Ya ce, "Yauƙin ne ya ƙi fita, sai na sa garin sabulu. Har sau biyu na cuɗa shi."

Innalillahi! Ɗan shekara ashirin da shida, da digirinsa, bai san ruwan zafi da lemun tsami ba!

Nan take na kira Mama. Ita ce fa ta hana shi shiga kicin tun yana yaro, wai namiji ne. Kun san me ta ce? "Allah sarki ɗana, ya yi ƙoƙari. Ki dinga kai masa abinci mana."

Ni? Kullum tun daga Kuje har Gwarinpa?

 Sai na juye sauran farfesun a kula. Gobe zan kai mata, ta ɗanɗana ƙoƙarin ɗanta.