Guntun Mabiyiyar da Ya Riƙe Mini Nono

Jegona na fari ba zai taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina, don a cikinsa na sha kunun kanwar da zai ishi masu jego biyar, amma jaririna bai samu nonon da zai cika cokali ba.

A Tambuwal nake aure, maigidana malamin firamare ne. Da ciki ya tsufa sai aka kai ni gidanmu a Kebbe, na haihu a ɗakin Inna mahaifiyata da hantsi, aka samu namiji. Mabiyiya ta ɗan yi gardama kafin ta faɗo, ungozoma ta taimaka mata da ɗan ja, aka wanke ta aka binne a bayan ɗaki. Kowa ya ɗauka an rabu da ita ke nan.

Sai nono ya ƙi kawowa. Yaro ya tsotsa har ya gaji, ya saki, ya tsala ihu. Inna ta ce, "Na fari haka shike. Shina nan tafe, ki yi haƙuri."

Na yi haƙuri, na kuma ci. Kunu, gasasshen nama da yaji, fura, saiwoyin da har yau ban san sunansu ba. Duk matar da ta shigo barka da nata maganin, da kuma nata bayanin. Wata ta ce baki ne, wata ta ce na tsallake wani abu. Jini ma bai tsaya ba, aka ce wanka ne bai ratsa ni ba, aka ƙara wa ruwa zafi. Ranar suna mata suka yi ta yaba ƙibar da na yi. Idan sun buɗe zanen yaro kuwa, sai su ce Allah Ya raya, su mayar su rufe da sauri.

Bayan suna yaro ya daina kuka. Ni da ƙuruciya har daɗi na ji, na ce ya fara hankali. Inna ce ta taɓa maɗigarsa ta ji ta faɗa. Ta daɗe ba ta ɗauke hannunta ba, sannan ta ce, "Wanga shirun bai yi min ba. Kira mijinki."

Maigida ya zo da motar haya. Hanyar nan kuwa, ko mai lafiya ta bi ta sai ta yi jinya. Inna ta rungume yaron, duk ramin da muka faɗa sai ta kara kunnenta a hancinsa.

A asibiti a Tambuwal aka karɓi yaro aka sa masa ƙarin ruwa. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ji labarin jinin da na nonon, sai ta tambaya, "Mabiyiya ta fita duka?"

Inna ta ce, "Da hannuna nib bizne ta."

Aka yi mini hoton ciki, sai ga guntunta manne a mahaifa. Likita ta ce mabiyiya ba ciyar da ɗa kaɗai take yi ba, tana zuba wasu sinadarai cikin jinin uwa, masu riƙe ciki su kuma tsare ruwan nono har a haihu. Sai ta faɗo sinadaran suke sauka, nono ya kawo. Ni kuwa guntun nan yana ciki yana ta aikinsa.

Maigida ya ce, "Wato jikinta bai samu labarin ta haihu ba?"

Likita ta ce, "Bai samu ba."

Ya ce, "Mu ko har rago munka yanka."

Aka yi mini wankin mahaifa, jini ya tsaya. Ba a sallame mu ba sai da na wayi gari rigata ta jiƙe sharkaf da nono. Aka miƙo mini yaro, ya kama, na ji ƙarar haɗiyarsa, ƙut, ƙut. Inna ta juya ta fuskanci bango tana share ido da gefen mayafi, ta ce warin maganin asibitin nan ya cika yaji.

Yaron yanzu yana sakandare, ya fi ubansa tsawo. Abin da na koya shi ne, haƙuri magani ne, amma ba na kowace cuta ba. Idan kana ta jira abu yana ƙara lalacewa a hannunka, to jiran ya ƙare, tashi ka je inda za a duba.