Raƙumin Dawa a Bangon Gidanmu

Wata Asabar a daminar 1989, ana saura kusan mako biyu Babbar Sallah, na hau turmin da na kifa a tsakar gidanmu na Unguwar Shanu, riƙe da tsohon buroshin haƙori, ina zana wuyan raƙumin dawa a jikin bango. Niƙa aka aike ni, ga masarar can a kwano kaji na ta shagali. Ban taɓa ganin raƙumin dawa ba sai a bayan wata gingimari da maƙwabcinmu Baban Ladi ya yi wa zane. Mutumin kudancin Kaduna ne, sana'arsa zane a jikin manyan motoci: zaki mai geza ruwan goro, dawisu, giwa tana murmushi. In na taso daga makaranta nakan manta da wanke-wanke in zauna kallon hannunsa, har in ga kamar daji motocin nan suke ɗauka suna yawo da shi gari gari. Shi ya ba ni ragowar fenti a gwangwanayen madara, shuɗi da ruwan hoda, ya ce, "Hassu, dabba ba ta fushi da kalar da aka ba ta."

Haka nawa ya fito shuɗi mai ɗigo-ɗigon ruwan hoda, ƙafa ɗaya ta gaza sauran, amma wallahi na so shi kamar ƙanena. Da Kaka ta fito ta gan shi sai ta saki salati. "Mai rai a bangon gidana? A shafe shi kafin Sallah!" Baba kuwa bai taɓa yi wa mahaifiyarsa musu ba. Na yi kuka, na ƙi tuwo, ba wanda ya kula ni. Ranar da ya dama farar ƙasa zai shafe gida kamar yadda yake yi kowace Sallah, na laɓe a bakin ƙofa ina kallo. Da ya iso wurin sai ya ƙara ruwa a bokitin, ya shafa sau ɗaya tak, ya wuce bai dube ni ba. Bango ya bushe fari fat, na ji haushinsa ƙwarai.

Bayan kwana uku aka sheƙa ruwa da la'asar. Bango na jiƙewa sai ga kunnuwa, sai dogon wuya, a hankali shuɗin ya bayyana yana leƙenmu ta cikin ruwan. Na daskare, ina jiran faɗa. Kaka na zaune a baranda da carbinta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ƙyale shi, baƙo ne. Rana na fitowa zai tafi."

Yau zanen namun daji ne sana'ata, da fenti mai kyau wanda ba ya dusashewa. Gidan an yi masa siminti, Kaka da Baba sun riga mu gidan gaskiya, ban kuma taɓa ce wa Baba na ga ruwan da ya ƙara ba. Har yanzu in hadari ya haɗo, sai in sami kaina ina duban bango.