Matar Yayana da Wupinta Masu Muni

Darlene matar yayana Normand ce, kuma tun ranar da ta fara taka gidanmu ta tsaya min a rai. Ba ta zage ni ba, ba ta harare ni ba. Wupi ne kawai Mama ta ajiye a tebur don tarbarta, irin namu na jihar Maine, kek ɗin cakulan biyu masu laushi da aka manne da farin kirim a tsakiya. Baƙuwar da ko rigar sanyinta ba ta gama cirewa ba ta kalli farantin ta tafa hannu.

"Lah, ashe ku ma kuna yin gob a nan!"

"Muna yin me?" in ji ni.

"Gob mana. Ai a wajenmu aka fara shi, a Pennsylvania. Babana kullum da shi a kwanon abincinsa in zai tafi masana'antar ƙarfe."

Na juya na kalli Mama, ina jira ta gyara mata zama. Mama fa ba ta wasa da wupi, ta taɓa daina gaisawa da wata mata a coci don ta ce nata ya ɗan bushe. Amma sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Normand, ina ka samo mana mai bakin nan? Zo nan kusa da ni, 'yar nan, zauna." Kujerar da ta nuna mata tawa ce, a kanta nake zama tun ƙafata ba ta kai ƙasa.

A wani gari mai hayaƙi aka haifi Darlene, a gida mai yara da yawa da ɗakuna kaɗan. Ta ce a gidansu wanda bai iya ɗaga murya ba da yunwa yake kwana, kuma da wannan muryar ta zo mana. Normand ya haɗu da ita ne lokacin yana tuƙa babbar motar katako, motar ta lalace kusa da wani shagon abinci na bakin hanya inda take zuba wa direbobi kofi. Ya dawo gida da mota a gyare da kuma mata. Ba a daɗe ba ta samu aikin tuƙa bas ɗin makaranta, doguwar rawayar nan, kuma a kanta ta tsufa. Allah bai ba su haihuwa ba, amma babu yaron da ya tashi a garinmu da Darlene ba ta san sunansa ba, da sunan karensa, da abin da ya sa bai karya ba yau da safe.

Ni kuwa a asibitin haƙori na yi aikina, ni ce mai zama a teburin gaba. Yaran da suke rungumar Darlene da safe su ne suke fashewa da kuka in sun hango ni da rana. Ba laifina ba ne, amma haka aka raba mana.

Da Normand ya rasu, zuciyarsa ta buga yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, na ɗauka shi ke nan za ta koma wurin danginta. Har kwalaye na tara mata daga kanti. Ta kalli kwalayen, idonta jawur don kuka, ta ce, "Lucille, ina za ni? In na tafi wa zai dinga tuna wa Mama cewa sunan abin nan gob?" Mama ta rungume ta suka yi ta kuka suna dariya. Ni na kwashe kwalayena na mayar da su mota.

A layinmu, ranar Halowin, bikin da yara ke shigar dodanni su bi gida-gida karɓar alewa, iyaye ba sa barin yaro ya ci abin da ba a naɗe yake daga kanti ba. Gida ɗaya ne aka ɗauke wa wannan dokar, gidan Mama. Iyayen su ma a barandar nan suka ci wupinta suna yara, cikin shigar fatalwa da mayu, saboda haka da an kunna fitilar baranda sai layi. Ni na tashi a gefenta ina koyo. Na san yadda ake share bakin kofin fulawa da bayan wuƙa, na san yadda ake taɓa kan kek da yatsa a ji ko ya yi. Kirim ɗinmu na kwalba ne, fari mai danƙo, a buga shi da bota da sukari har ya tashi. Ban taɓa kauce wa abin da ta koya min ba ko da tsinken cokali.

Darlene ba ta awo. Da ido take zuba komai, tana zubawa tana surutu. In ta ga ragowar kofi ya huce a buta sai ta juye shi cikin kwaɓin. Kirim ɗinta kuwa fulawa take damawa da madara a kan wuta, sai ya huce ta buga shi da bota. Shekarar farko Mama ta leƙa tukunyar ta ce, "Wannan kirim ne ko kunun jinya?" Ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Da shekara ta zagayo sai ga faranti biyu a baranda, namu da nata.

A wajen ado ne abin ya fi ci min rai. Ni ina zama da tsinke in ja saƙar gizo-gizo a kan kowane ɗaya, layi-layi, babu wanda ya karkace. Darlene kuwa fuska take yi musu, ido ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, haƙora na ɓarin gyaɗa, jan jam na 'ya'yan itace yana dalala ta gefen baki. Muni dai iya muni. Yara su zo su tsallake farantina su yi wa nata caa. Wata yarinya mai shigar jemage ta taɓa ce min, wai ita a dole tana lallashina, "Naki ma suna da kyau, kamar na kanti."

Mama ba ta taɓa faɗin na wanda ya fi ba. Ni dai tun ina yarinya gyara take min: ya yi faɗi, ya yi tauri, kin cika sukari. In ta ci ta yi shiru, to wannan ne yabona. Darlene kuwa ko ƙona abu ta yi sai a yi dariya a ce hannunta da zafi. Ina jin haushin wannan, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Ni ce 'yar cikinta.

Da mantuwa ta fara kama Mama, ni na bar ɗakina na haya na dawo gida. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta magani, ni ke nemo mata haƙoranta na roba a cikin firji. Darlene sai ta ajiye yara da rana ta shigo da hayaniyarta, ta ba ta labarin wanda ya yi amai a bas, Mama ta yi dariya har da hawaye, ita kuma ta ɗauki makullinta ta tafi. Da ta fita sai Mama ta dube ni ta ce, "Ke kullum fuskarki a ɗaure."

Bana likita ya ce mana kafin sanyi ya yi nisa sai an kai ta gidan kula da tsofaffi, ni kaɗai ba zan iya ba. Wato wannan ne Halowin ɗinta na ƙarshe a barandar. Abu ɗaya na sa a raina, ta ci wupina ta kira sunana ta ce na iya. Sau ɗaya ma ya ishe ni.

Ranar, tun da hantsi na kama kicin. Na sayo hodar cakulan mai tsada, na fitar da bota tun daren da ya gabata don ta yi laushi. Ina cikin jera kwaɓi a faranti sai ga Darlene ta banko ƙofa da ƙugu, hannu biyu cike da kaya, da doguwar hular mayya a ka.

"Sannu da aiki, ƙanwar miji! Matsa min in sa nawa."

"Obin ɗin gashin a cike yake."

"Zan jira. Kai, Lucille, wai da ma'aunin magina kike yin su ne? Dubi yadda suka jeru kamar sojoji."

"Ya fi a ce mota ce ta bi ta kansu."

"Motar ma tawa ce," ta ce, ta fashe da dariya. Ta miƙa hannu za ta lakaci kirim ɗina, na buge hannun da cokali. Ta lashe abin da ta samu ta ce, "Da daɗi fa. Ki rage sukari kaɗan, ko kina nema wa maigidanki na asibiti kasuwa ne?"

Nawa suka fito yadda nake so, a kumbure, girmansu ɗaya, ƙamshi ya cika gidan. Na rina kirim ɗin ya koma launin kabewa, na zauna na ja saƙar gizo-gizona har wuyana ya ƙage. Ita kuwa farantinta na farko ma ya manne wuri ɗaya, ta yayyanka shi da wuƙa ta ce ai dodanni ba su da fasali da ma.

Da rana ta yi sanyi muka fito da Mama baranda, muka zaunar da ita a kujera mai lilo, na lulluɓa mata bargo a ƙafa. Na ajiye farantina a damanta inda hannunta ya fi saurin kaiwa, na tura na Darlene can hagu. Aka kunna fitila, yara suka fara hawowa. Abin mamaki sai ga Mama ta farfaɗo kamar an zuba wa shuka ruwa. Kowane yaro sai ta leƙa fuskar robar da ya sa ta ce, "Wannan kwarangwal ɗin ɗan gidan wa ne?" In ya faɗi suna ta ce ta san kakarsa, ta miƙa masa wupi.

Da layin ya ɗan tsagaita na ɗauki mafi kyau a cikin nawa na sa mata a hannu.

"Mama, ci wannan ki ji."

Ta juya shi, ta kalli saƙar, ta ce, "Wannan ai ya yi kyau da yawa, kada a ɓata shi." Ta mayar da shi kan faranti a hankali. Sai ta miƙa hannu can hagu ta ɗauko wani mai ido a goshi, ta gatsa. Tana tauna tana lumshe ido, jam yana bin haɓarta. Ta laluba ta kamo hannun Darlene ta riƙe gam.

"Lucille," ta ce mata, "Lucille 'yata, kin iya. Kin fi ni ma. Ban taɓa gaya miki ba ne don kada kanki ya kumbura."

Darlene ta daskare. Ta cire hular mayyar ta durƙusa ta ce, "Mama, ni ce fa Darlene, matar Normand. Ga Lucille nan tsaye a gabanki."

Mama ta ɗago ta dube ni, ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, fuskarta cike da fara'a.

"Wannan kuma 'yar gidan wa ce? Kai, ta iya shiga! Shigar tsohuwa mai fushi ta yi." Ta ɗauko wani daga farantin Darlene ta miƙo min. "Ungo, baiwar Allah, 'yata ce ta yi. Duk garin nan babu mai hannunta."

Na karɓa. Na ce na gode, yadda yaran suke cewa. Na koma bakin matakala na zauna da abin a hannu, kirim yana narkewa tsakanin yatsuna. Darlene ta leƙo ta bayan kujerar, idonta ya ciko, ta yi ƙasa da muryar nan tata da ba ta san ƙasa ba.

"Ke take yabo, Lucille. Sunanki ta kira."

"Na ji," na ce. "Amma hannunki ta riƙe."

Wasu yaran suka hawo, na matsa na ba su hanya. Darlene ta so ta zare hannunta don ta raba musu, Mama ta ƙi saki. Ni na tashi na raba, daga farantin da suka nuna.