Malam Sambo ba infoma ba ne, furen bado ya je gani

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni, kuma ba mutum ne ya kawo mini shi ba. Bidiyo ne a wani gurup na WhatsApp, an rubuta a ƙasansa: an kama infoma.

Ina shan kunu na buɗe. Motar na fara ganewa, tsohuwar jar motar nan da ake ɗaure but ɗinta da igiya, tana ci da wuta. Sannan na gane mutumin da ke ƙasa.

Malam Sambo ne. Abokina, malamin aikin gona a wata sakandare a nan Bodinga.

Wanda bai san shi ba, bari in gaya masa. Mutumin nan ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya ke gare shi: duk Asabar, daga saukar ruwa har kaka, sai ya shiga karkara neman furanni yana ɗaukar hotonsu. Ni kuma malamin dabbobi ne, nakan yi wa shanu allura a rugage da ƙauyukan Bodinga da Shagari, kowa Likita yake ce mini. Shi ya sa muke tafiya tare. Shi ke tuƙi, ni ke gaisawa da mutane.

Na sha tsokanarsa. Nakan ce abin da tumaki ke ci shi ne kake durƙusa wa? Sai ya yi dariya ya ce ni ai idon akuya gare ni.

Mun bi ta Dingyadi ganin duman rafi. Mun tsaya wajen Dandin Mahe kan albasar da aka bari ta yi fure don iri. Wata rana wajen Lambara ya kwanta rub da ciki a gonar gero yana ɗaukar furen ƙuduji, mai gona ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Malam, abin da ka kashe min hatsi shi kaka yi ma hoto?" Muka yi ta dariya. Kafin mu bar wurin sai da Malam Sambo ya naɗe hannun riga ya taya shi tuge ƙudujin nan har azahar.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, hoton fure yake turo mini kowace safiya in nuna mata. Ba ya rubuta komai.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka rabu. Ya ce bado ya buɗe a wani tafki, mu yi sammako washegari. Na ce na gaji, a bari sai wani mako, ciyawa ai ba ta gudu. Ya ce, "Likita, bado ba ya jira. Rana na ɗagawa shina ruhewa."

Ya tafi shi kaɗai.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. 'Yan bindiga sun shigar musu kwanan baya, 'yan ƙauyen sun binne mutanensu, na sani, na je gaisuwa. Jiya sai suka ga baƙo a bakin daji yana ɗaga waya. Suka ce hanya yake ɗauka wa ɓarayi.

Na kalli bidiyon har ƙarshe, ban san me ya sa ba. Da gora suka fara. Wani ya sare shi da adda a kafaɗa, farar rigarsa ta rine. Yana miƙa musu wayar da hannun da bai karye ba yana cewa, "Wallahi hure na niz zo ɗauka, ku duba. Ku kira Likita, ya san ni." Wani ya buge wayar ta faɗi. Wani ya ɗauko dutse da hannu biyu.

Daga nan bai sake magana ba.

Abin da ke cin raina ke nan: ya kira ni jiya da hantsi, sau uku a jere. Ina kwance na ga sunansa. Na ce zai yi mini gorin bado ne, na kife wayar.

A cikin masu dukan na gane mutum biyu. Na yi wa shanunsu allura, na sha furarsu. Da muryata kawai suka ji, da yanzu yana gida. Na ba hukuma sunayensu, kuma ba zan ɓoye ba, ban yafe musu ba. Kaina ma ban yafe wa ba tukuna.

Mun dawo daga maƙabarta ɗazu. Babbar 'yarsa tana da waya, kuma bidiyon nan yana ta yawo da sunan ubanta infoma. Don girman Allah, duk wanda yake da shi ya goge. Wanda ya tura, ya koma inda ya tura ya ce ƙarya ne.

Hoton da ke ƙasan rubutun nan shi ne na ƙarshe da ya turo mini, kafin kiran nan uku. Farin bado ne a kan ruwa. Sai yau na buɗe shi. In za ku yaɗa wani abu, shi za ku yaɗa.

Allah Ya jiƙan Malam Sambo, Ya karɓi shahadarsa, Ya raya abin da ya bari, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ku sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni, ina bukata.