Kantar Inna da Rumbun Baba

Robobin nan ni na sayo su a Damagaram, manya masu murfi, shuɗaye da jajaye, don na gaji da ganin ɓeraye suna raba abinci da Inna. Duk zuwan da zan yi ƙauyenmu, nan kusa da Gangara, sai in tarar da buhun wakenta a huje, garin kukarta ya haɗe da ƙasa, in na yi magana ta ce ba komai. Ba komai ɗin nan shi ke ƙona mini rai. Na juye mata komai cikin robobin na jera a ƙasa, sai ɗakin ya cushe, ko wurin shimfiɗa tabarmar salla babu. Na ce to, kanta za a yi, a ɗora su bisa.

Ƙanena, autan gidanmu, magidanci ne da matarsa, kuma ya taɓa zama wurin wani kafinta a Tanut, yana da zarto da guduma. Katakon shimfiɗa na sa aka kawo daga kasuwa. Da ya juya shi ya ƙwanƙwasa, sai ya ce wannan in aka yi ƙafafu da shi gara za ta gama da shi tun damina ba ta fita ba. Ya ɗaga kai ya dubi tsohon rumbun Baba da ke bayan ɗakin Inna. Rumbun ya karkace, ba ko zangarniya ɗaya a ciki tun da aka gina sabon rumbu, amma itacen gindinsa ƙirya ce da Baba ya ɗauko daga kudu bisa raƙumi, gara ba ta cin ta.

Tun rasuwar Baba, Yaya, babban wanmu, da autan nan suke gandu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Zaman ya daɗe da tsami, kowa ya sani, Inna ce kawai ke riƙe da shi da roƙo, tana cewa su bari ta mutu tukuna. A wurinmu kuma rumbun gandu babu mai taɓa shi sai babba. Ƙane in ya zare itace daga gindinsa, ya ce a raba ke nan, ko bai buɗe baki ba. Na san wannan sarai. Amma har gobe ina kan bakana, rumbun da ya yi shekara da shekaru ba hatsi tarin itace ne, kuma uwarmu za a yi wa aiki, ba bare ba. Na ce masa zaro.

Ya zaro huɗu. Ya yanke su daidai, ya fere, ya kafa a tsakar gida, ni ina riƙe masa yana buga ƙusa. Ƙiryar tauri gare ta, ƙusa sai ta lanƙwashe ya ciro ya miƙe ta bisa dutse. Inna na zaune bakin ƙofa tana tsince wake, ba ta ga inda itacen ya fito ba. Mun ɗora katakon farko, mun gwada roba ta zauna daram, har ina tsokanarsa wai ashe zaman Tanut bai tashi a banza ba.

Wajen la'asar Yaya ya dawo daga kasuwar Belbeji, sandar kiwo a kafaɗa. Ta baya ya shigo, ta wajen rumbun, don haka abin da ya fara gani shi ne rumbun Baba a durƙushe. Bai yi sallama ba.

"Wa ya taɓa rumbun nan?"

"Ni na sa," na ce. "Kantar Inna muke yi, Yaya."

Ko kallona bai yi ba. Auta yake kallo. "Kai nake tambaya. Rabo kake so? Da ka faɗa mini da bakinka kamar namiji."

Auta yana tsugune, ƙusa a baki. Ya tofar da ita ya ce, "In rabon ne ma, sai me?"

Sandar ta sauka a kafaɗarsa, na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ta biyu ta same shi a kunne. Auta ya miƙe da guduma a hannu, ya kai wa Yaya, Allah ya sa ta goce ta sami gefen gira, nan take jini ya rufe masa ido. Suka rungumi juna suka faɗa kan kantar, katakon ya tsage, wata ƙusa ta shiga cinyar auta ta yage wando da nama. Yaya ya hau kansa ya shaƙe shi da hannu biyu, yana buga ƙeyarsa da ƙasa. Matansu suna kururuwa daga nesa, babu wadda ta matso. Ni na ɗauki robar gero cike na maka wa Yaya a gadon baya, murfin ya fice, geron ya watse cikin jinin. Ya juyo ya kwaɗa mini mari da bayan hannu har haƙorina ya fasa leɓe. Na tashi na ciji damtsensa, kuma wallahi da na sami taɓarya a kusa da ita zan yi. Ɗaya hannun nasa bai saki wuyan ba. Idon auta ya firfito, ƙafafunsa suna shure-shure, sannan suka fara sanyi.

Sai Inna ta kira sunan Yaya.

Ɗan fari ne, kuma matan zamaninsu ba sa faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, sai dai ta ce wancan, ko mai gidan nan. Ranar ta faɗe shi da ƙarfi gaban surukanta da maƙwabtan da suka cika ƙofa. Hannun Yaya ya saki. Auta ya mirgina yana tari yana aman ƙasa.

Na zaci an gama. Yaya ya miƙe, jini na bin gemunsa, ya shiga ɗakinsa ya fito da gatari. Mutane suka watse. Ya wuce mu duka ya nufi rumbun, ya dinga sara, yana sara yana nishi, har ya kwantar da shi ƙasa. Ya ja itacen da ya rage ya kasa biyu. Ya nuna kashi ɗaya da bakin gatarin ya ce wa auta, "Ga naka. Gobe a kira dattawa a auna hatsi, a taka gona."

A amalanke aka kai su gidan likita a Gangara, amalanke biyu, don sun ƙi hawa ɗaya. Aka ɗinke gira, aka ɗinke cinya. Ni na tsaya gida da kumburarren baki, na wanke katakon, na ƙarasa kantar da kaina cikin fushi, a karkace, ƙusoshi duk a tanƙware. Na tura ta ɗakin Inna na jera robobin. Ba ta ce ta yi kyau ba, ba ta ce ba ta yi ba.

Washegari dattawa suka zo, suka yi ta ba da baki, ba wanda ya saurara. Aka auna, aka taka. Da yamma matar auta ta jera duwatsu uku a ƙofar ɗakinta ta hura wuta, hayaƙi biyu ya tashi a gidan Baba. Bayan magariba matar Yaya ta kawo wa Inna kwanon tuwo ta ajiye. Ba a jima ba matar auta ta kawo nata ta ajiye a gefensa. Inna ta wanke hannu, ta zauna tana duban kwanonin, ruwa na ɗiga daga yatsunta har ya bushe. Na ce Inna ki ci mana, zai huce.

Ta ce, "Dukansu suna leƙowa. Ke da kika iya shawara, faɗa mini wanne zan fara buɗewa."