Hannun Inna Tasalla

Har gobe idan na tuna Kawu Sama'ilu sai raina ya ɓaci.

Yayarsa, Inna Tasalla, shekara talatin tana koyar da matan aure a Roni, ni ma ɗalibarta ce. Da hannunta ta rubuta sharhin hukuncin tsarki da salla, a gabanmu. Da ta rasu, ko sadakar bakwai ɗinta ba a yi ba ya kwashe takardun, ya rataye a madafa hayaƙi ya dafa su. Daga baya ya fito da su wai rubutun kakansa ne, tun kafin zuwan Turawa.

"Mace ina ta ga wannan ilimi?" in ji shi. Kai, jama'a!

Mu mata mun yi magana, aka ce mu yi shiru. 'Yar Inna Tasalla, Nafisat, kuwa ta haɗa kayanta. Jami'a ta tafi ta karanta tarihi, ta ƙware a binciken tsofaffin rubuce-rubuce: takarda, tawada, salon hannu. Kawu yana ta yi mata dariya, wai 'yar boko za ta koya wa malamai addini.

Duk Maulidi yakan fito da littafin a ƙofar gida, mutane su taɓa don albarka. Bara Nafisat ta zo, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kawu, ku ba ni in taɓa."

Ya miƙa yana washe baki. Ta zare warƙa ɗaya ta ɗaga wa rana. Sai ga tambarin kamfanin da ya yi takardar a cikinta, ɓaro-ɓaro, har da shekara: 1984.

"Liman, ku duba," ta ce wa limamin unguwa da ke zaune a wurin. "Kakanmu ya tashi daga kabari ne ya sayi takarda?"

Sannan ta fito da wasiƙun uwarta ta jera kusa da warƙar. Hannu ɗaya ne, ko makaho ya shafa zai gane. Wallahi sanyi na ji har ƙashina! Kawu sai zufa, rawani ya karkace.

Da yamma ya aike ni wajen Nafisat in roƙar masa gafara. Na je, don in ji da kunnena.

Na same ta tana rubuta sunan uwarta a bangon littafin, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ki ce masa ba ni ya yi wa ba. Ya san inda aka binne ta."