Yadda Saude Ta Rubuta Sunan Surukinta

Saude malamar firamare ce a wani ƙauye da ke bayan Roni, matar aure mai 'ya'ya, kuma ba sha'awa ce ta mayar da ita karatu ba. Ce mata aka yi ko dai ta kawo takardar shaidar malanta, ko ta ajiye wa wasu allin. Shi ya sa take hawa acaɓa zuwa kwaleji a Kazaure, ta zauna cikin yaran da ta kusa haifa.

In ta tuna rubutunta na shekarar farko, ita da kanta sai ta rufe fuska. Aikin farko da aka ba su, da gaisuwa ta buɗe shi: ta tambayi malami gida da iyali, ta yi masa fatan gamawa lafiya, kafin ta iso kan tambayar takarda ta ci rabi. Da aka hana ta wannan, sai ta koma kwafe littafi sukutum, don a ganinta ina ita ina canza wa mai littafi magana? Aka ce mata sata ce. Sata! Ita da ko allurar maƙwabciya ba ta taɓa riƙewa ba. Ta yi fushi, ta yi kuka, sannan ta koyi faɗin abu da bakinta tana nuna inda ta samo shi. Zuwa shekarar ƙarshe har 'yan aji na kawo mata nasu ta duba.

Sai ga binciken kammala karatu. Saude ta zaɓi gano abin da ke hana yaran rugage zuwa makaranta da damina. Mai duba mata aikin, Malama Nafisat, mace ce da jan bironta ba ya hutu.

"Saude, wane ne wannan 'wani babba'? Kin jingina babi guda a kansa. Aljani ne?"

"Malama, Baffa ne. Shi ne shugaban iyayen yara."

"Baffan wa?"

"Mahaifin maigidana."

"To, rubuta sunansa."

Nan fa ake yin ta. Sunan dattijon Muhammadu Lawal, kuma tun da aka kawo Saude gidan, bakinta bai taɓa furta shi ba. Ko a aji, yaro mai suna Lawal "mai sunan Baffa" take ce masa. Yanzu a ce ta zauna ta zana shi da hannunta, tsirara, ba ko Alhaji a gaba?

Malama ba ta gama ba. "Iyaye da yara sun gaya miki rafi ne ke cika ya yanke hanya. A ƙarshe kuma kin rubuta kiwo ne, don babba ya faɗa. To me ya kai ki yawon rugage? Ba zan sa hannu ba. In ba ki gyara ba, sai baɗi."

Baɗi kuwa, ga Saude, rasa aiki ne. Ta fito tana ƙunƙuni. Wane irin ilimi ne wannan, da sai mutum ya zubar da tarbiyyarsa kafin a ce ya iya? Ta gwada dabaru iri-iri. Ta sa haruffan farko na sunan, aka zagaye su da ja. Ta rubuta cewa duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, Malama ta rubuta a gefe: "Ba sulhu aka aike ki ba." Abinci ya daina shiga, maigida ya ɗauka zazzaɓi ne. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta san Malama ce da gaskiya, don da idonta ta ga yara tsaye a bakin ruwa da jakunkuna a ka.

Ran da ta gaji, ta ja numfashi ta rubuta: Muhammadu Lawal na ganin kiwo ne, amma wannan bincike ya nuna rafi ne. Ta ajiye biron kamar ta taɓa murfin tukunya mai zafi. Malama ta karanta, ta sa hannu, ko sannu ba ta ce ba.

Labari ya kai wa Baffa cewa an sa maganar makarantarsu a littafi. Ya aika a kira Saude ta karanta masa. Saude ta durƙusa nesa da tabarmarsa tana fassara masa daga Turanci, da ta iso wurin sai ta ce wani babba na ganin kiwo ne, amma rafi ne.

Baffa ya gyara zama. "Ƙwarai, rafi ne! Ai in ya kawo ko saniya ba ta ƙetarewa. Wane babba ne wannan da bai san ƙasar nan ba? Faɗa mini sunansa, 'yar nan."

Takaici ya kama Saude. Duk ramar da ta yi, ashe mutumin nan ko tuna maganarsa bai yi ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon sunan, ga shi nan baƙi ƙirin, ita ta sa shi.

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa," in ji ta, "a rubuce kawai na iya faɗinsa."